Mataccen ƙudan zuma ba shaida ba ne

Masu tallar zuma sun riƙe wata dabara da ta ishe ni: su bar matattun ƙudaje biyu ko uku da ɓallin saƙa suna yawo a cikin kwalba, don mai saye ya yarda daga amya ta fito. Wanda ke yada zango a Tasawa kan hanyar Maraɗi zuwa Damagaram, ko yake cin kasuwar Mayahi, ya san yadda cinikin yake. Mai zuma ya ɗaga kwalba ya kara ta da hasken rana: "Alhaji, ga ƙudan nan ka gani da idonka, wannan ba ta san sukari ba." Alhaji ya gyaɗa kai ya laluba aljihu.

Ba mu kaɗai ke irin wannan dabara ba. A ƙasar Meziko akwai barasar da ake kira mezcal, wadda ake yi da wani tsiro mai suna agabe, mai kaurin ganye da ƙaya irin na kabar giwa, akasari a jihar Wahaka. Barasa haramun ce, ba ita ta kawo ni ba. Tsutsar da ake jefawa cikin wasu kwalabenta ce abin dubawa. An yi ɗaruruwan shekaru ana yin mezcal babu tsutsa. Sai tsakanin shekarun 1940 da 1950 'yan kasuwa suka fara saka ta, ana danganta dabarar ga wani Jacobo Lozano Páez. Daga baya labarai suka biyo: wai tana ƙara ɗanɗano, wai rashin ruɓewarta ya nuna ƙarfin abin, wai tana ƙara wa maza kuzari (wannan tallar kam ko'ina tana ci). A 2023 masana daga Jami'ar Florida suka gwada tsutsotsin kwalabe daban-daban, suka gano duk 'ya'yan wani nau'in malam-buɗe-littafin dare ne guda da ke rayuwa a gindin agabe. Tekila, 'yar'uwar mezcal da ta fi ta suna, ba a saka mata tsutsa, kuma masu yin mezcal mai tsada yawanci sun guji tsutsar.

Mutanen Meziko aƙalla tsutsarsu abinci ce, suna soya ta kamar yadda muke soya fara. Mataccen ƙuda fa? Kowa na iya tsince shi a gindin amya. A dafa sukari ya yi kauri, a zuba ɗan zuma don ƙamshi, a jefa ƙudaje uku, shi ke nan an sami shaida a banza.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wanda ke biyan kuɗin wannan wasa. Zumar da aka matse haɗe da 'ya'yan ƙuda da saƙar da ba ta nuna ba, ruwa ya yi mata yawa. Ƙa'idar duniya ba ta yarda ruwan zuma ya wuce kashi 20 cikin 100 ba, don in ya wuce tana tsami, kuma da zafin bazara za ka ga ta taso da kumfa. Mai kiwon da ya san aikinsa saƙar da ƙudan ya rufe kawai yake yankowa, ya tace da tsumma mai tsabta. Sai ya kawo ta kasuwa garau, a ce masa ta yi kyau da yawa, da walakin. In sanyin hunturu ya sa ta daskare ta yi tsaki-tsaki, wanda halin zumar gaskiya ne, a ce ga sukarin ya fito. Haka ake koya wa mai gaskiya ya daina tacewa.

Ni na fi son in ga sunan gari da na mai amya a jikin kwalba. Kafin a kai nan, a tambayi mai talla a wace bishiya aka rataye amyar, a wane wata aka ɗebe ta. Wanda ya hau da kansa zai gaya maka ko ta furen gawo ce, wanda ke fitowa bayan damina, har ya faɗi gefen gonar. Wanda ya dafa sukari, nan take zai fara kame-kame.