Kyauta da Fariya: Matsayin Kayan Alatu a Waƙar Baka da Ƙagaggen Labari

Manazarta adabin Hausa sun saba sanya almubazzaranci cikin jerin munanan halaye da marubuta da mawaƙa ke yi wa gargaɗi, tare da caca da shaye-shaye da karuwanci. Wannan rabon jigo yana da sauƙin koyarwa a aji, amma yana ɓoye wani abu. Idan aka bi ayyukan da kansu, za a tarar ba tsadar kaya adabin ke tuhuma ba, ba kuma nuna su a bainar jama'a ba. Tambayar da yake yi ita ce, wa ya ci moriyarsu? Riga ɗaya da mota ɗaya su ne ke sa a kira wani mai alheri, a kira wani ɗan fariya.

Kukan ba na yau ba ne. Wajen 1807 Abdullahi ɗan Fodiyo ya bar rundunar jihadi da niyyar tafiya gabas, har ya yada zango a Kano, kuma a cikin Tazyinul Waraƙati ya bayyana dalilinsa, watau ganin yadda waɗansu abokan gwagwarmaya suka karkata ga tufafin ƙawa da ƙwaraƙwarai da dawakin da ake sukuwa da su cikin gari maimakon fagen fama. Abin lura shi ne, bai ƙi doki ba. Abin da ya ƙi shi ne dokin da aka raba da aikinsa, aka mayar da shi abin kallo.

A waƙar baka kuwa lamarin ya ɗauki wata fuska. Tun 1957 M. G. Smith, wanda ya yi bincikensa a ƙasar Zazzau, ya nuna cewa roƙo wata kafa ce ta tabbatar da matsayin mutum a gaban jama'a, kuma yabon da ba a biya ba yakan juye ya zama zambo. Ma'anar wannan ga batunmu ita ce, a wurin makaɗi dukiya ba ta zama girma sai ta bar hannun mai ita. Shi ya sa lissafin kaya a waƙoƙin fada kusan kullum lissafin abin da aka bayar ne: wane ya ba da doki, wane ya ba da riga, wane ya kai makaɗi Makka. Ko a waƙar Ibrahim Narambaɗa ta Dokin Iska, inda dabbar ce kanta abin yabo, gudunta ake wasawa, ba kuɗin da aka saye ta ba.

Da aka shiga zamanin kuɗin man fetur, kayan suka sauya, ƙa'idar ba ta sauya ba. An fara kashe naira a 1973, an biya ma'aikata ariyas na Udoji a 1975, a shekarar nan kuma aka buɗe masana'antar harhaɗa Fijo a Kaduna. Mota ta gaji doki, 'yan kasuwa da 'yan kwangila da direbobi suka shigo sahun da a da na masu sarauta ne, Mamman Shata kuwa, wanda bai taɓa zama makaɗin fada ɗaya ba, ya zama mai auna su. Wanda ya saurari waƙoƙinsa na attajirai zai ji cewa mai Marsandi da ba ya sakin hannu ba shi da rabo a cikinsu, sai fa ta fuskar habaici. Sai dai ba a ce wannan mizani tsarkakakke ne ba. Makaɗi alƙali ne mai cin riba a shari'ar da yake yankewa, kyautar da ake yi masa a tsakar fili, ana sanarwa da bakin sanƙira, ita kanta fariya ce da ta sami suna mai kyau. Liƙi a goshi ya isa misali: kuɗin sun bar hannu, amma sai da kowa ya ƙirga su.

Wannan giɓi ne ƙagaggen labari ya shiga, kuma babu inda ya fi fitowa fili kamar a Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990. Alhaji Abdu ɗan kasuwa ne mai hali, mutumin da a idon waje babu abin da za a kushe masa. Marubuciyar ba ta tsaya da mai karatu a inda makaɗi ke tsayawa ba, wato ƙofar gida. Ta shigar da shi har madafa, inda Rabi ke fama da 'ya'ya da kuɗin cefanen da ba sa isa, alhali maigidan na kashe dukiya a kan Delu, matar barikin da ya auro daga bisani. Hausawa na da sunan irin wannan mutum tun da daɗewa, inuwar giginya, na nesa ka sha ta. Sabon abin da littafin ya kawo shi ne muryar na kusa, wadda waƙar yabo ba ta da gurbinta, domin matar gida ba ta biyan maroƙi. Da wannan sauyin mazaunin mai kallo kaɗai, abin da a dandali sunansa kyauta ya koma tauye haƙƙi. Gobarar kasuwa da ta cinye dukiyar Alhaji Abdu ba ta ƙara wa hukuncin kome ba. Mai karatu ya riga ya yanke shi tun a madafa.

Amma akwai inda littafin ya yi rauni, ko kuwa a ce ya bi al'adar da ya taso a ciki ba tare da ya tuhume ta ba. Sakayyar da aka tanadar wa Saudatu, 'yar Rabi mai ladabi da haƙuri, ita ce auren Alhaji Abubakar, attajirin da ya fi mahaifinta dukiya da sakin hannu. Ke nan an hukunta mai fariya da talauci, an kuma saka wa mai tarbiyya da irin kayan da aka yi fariyar da su. Alhaji Abubakar shi ne gwarzon makaɗi da aka shigo da shi cikin gida, mai bayarwa, sai dai wannan karon ga iyali. Ba a bar wa mai karatu wata hanyar gane mutumin kirki ba face ta abin da ya iya kashewa. Rabi ce kaɗai ta tsira daga wannan lissafi, domin ita da sana'ar sayar da abinci ta tsayar da gidanta, kuma ita ce wadda dangi suka matsa wa ta koma wa mijin bayan ya tsiyace.

Ado Ahmad Gidan Dabino ya gwada wata mafita a In Da So Da Ƙauna na 1991, inda Sumayya, 'yar masu hali, ta ƙi Abdulƙadir mai kuɗi ta zaɓi Muhammad talaka. A nan dukiyar manemi ita ce abin zargi, ba yadda ya raba ta ba, wanda kuwa mataki ne da waƙar yabo ba za ta iya ɗauka ba. Duk da haka, littattafan soyayya da yawa da suka biyo baya sun riƙe jigon suka saki ma'anarsa: sukan tsine wa auren kuɗi a shafi ɗaya, a shafi na gaba su shiga ƙirga akwatunan lefe da atamfofi da gwala-gwalan Dubai da sunan motar ango, har lissafin ya fi labarin tsawo. Makaɗin fada aƙalla yakan faɗi wanda ya bayar da wanda aka bai wa. A waɗannan shafuka kayan na jere ne kurum, kamar kwallayen ɗakin amarya a ranar buɗar kai, mai karatu ne aka gayyato kallo.