Tsaga da maganaɗisu: bitar littafin Gordon daga hanyar Gwarzo

Littafin J. E. Gordon mai suna The New Science of Strong Materials ya fito a Ingila a 1968, aka sake buga shi da gyare-gyare a 1976. Na daɗe da shi, kuma har yanzu ban ga littafin kimiyyar ƙere-ƙere da ya kai shi iya hira da mai karatu ba. Tambayar da ya sa a gaba ɗaya ce: me ke sa abu ya karye, me kuma ke hana shi karyewa? Gordon ya cancanci yin wannan tambaya. Ƙirar jiragen ruwa ya karanta a Gilasgo, ya yi shekarun Yaƙin Duniya na Biyu a cibiyar binciken jiragen sama ta Farnborough, daga baya ya zama farfesa a Jami'ar Reading. Da ka fara karantawa za ka ji alƙalamin wanda kaya suka sha fashewa a gabansa.

Inda littafin ya fi armashi shi ne babin tsaga. Ya kawo aikin Inglis na 1913, wanda ya nuna cewa idan ana jan ƙarfe mai rami ko tsaga, ƙarfin jan ba ya bazuwa daidai, taruwa yake yi a bakin tsagar, kuma gwargwadon tsawonta da tsininta, gwargwadon ninkuwarsa. Daga nan ya gangaro kan A. A. Griffith, wanda a wajajen 1920 ya riƙa jan narkakken gilashi yana mayar da shi zare. Ya tarar da cewa siririn zaren, idan aka auna da kaurinsa, ya ninka sandar gilashi ƙarfi sau goma har da ɗoriya. Gilashin dai ɗaya ne. Bambancin shi ne ƙananan tsagogin da ido ba ya gani, waɗanda suka cika jikin mai kaurin.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda Gordon ya warware lissafin Griffith ba tare da ya tsorata kowa ba. Tsaga tana buƙatar makamashi kafin ta ci gaba, domin duk inda ta ratsa sai ta raba abin da ke haɗe. Makamashin kuwa daga jikin abin da ake ja take samunsa, ɓangaren da ke gefenta yana saki yana ba ta. Buƙatarta tana ƙaruwa daidai da tsawonta, amma abin da take samu yana ƙaruwa da sauri fiye da haka: tsawo ya ninka biyu, samu ya ninka huɗu. Saboda haka akwai wani tsawo da in tsaga ba ta kai shi ba za ta yi shekaru tana kwance, in kuwa ta wuce shi, sai dai a ji ƙara. Duk wanda ya ga mai yadi a kasuwar Getso ya ɗan ciza gefen atamfa da almakashi, sannan ya keta ta fyat da hannu biyu, ya ga wannan lissafi a aikace. Shi ya sa ma gogaggen mai walda yake huda ɗan rami a ƙarshen tsaga kafin ya like ta; yana dakushe mata baki ne.

Babin tsayar da tsaga ma ba baya ba ne, domin a nan Gordon yana magana ne kan aikinsa da abokinsa Cook na 1964. Sun nuna cewa rauni kaɗan a mahaɗar zare da zare alheri ne: kafin tsaga ta iso, mahaɗar ta buɗe, tsagar ta faɗa ciki ta juya gefe. Wannan ne ya sa ƙotar fartanya take yin zare-zare kafin ta rabu biyu, kwalba kuwa ba ta ba da sanarwa.

To, sai inda nake da ja. Misalansa na jiragen ruwa ne da na sama da katakon Turai. Ɗalibi a Kabo zai yi ɗan aiki kafin ya mayar da su kan injin niƙa da garmar shanu. Wannan ƙaramin abu ne. Babban shi ne bai ware wa maganaɗisu babi ba, alhali ƙarfen da ya cika rabin duniyarmu maganaɗisu yana kama shi, kuma sau da yawa cikin filin maganaɗisu yake aiki. Manomin rani a bakin madatsar Guzuguzu ko ta Pada, injin ban-ruwansa ba ya tashi sai maganaɗisun da ke jikin faifan da ke juyawa ya haifar da tartsatsin fulogi. Haka babur, haka janareto, haka fanka.

Ba na ɗora masa laifi da yawa, domin fagen a lokacin yake tsiro. A shekarar da littafin ya fito, 1968, Moon da Pao na Jami'ar Cornell a Amurka suka nuna cewa siririn fallen ƙarfe yana iya lanƙwashewa farat ɗaya idan filin maganaɗisun da ke ratsa shi ya kai wani mataki, ba tare da an taɓa shi ba. A 1973 Pao da Yeh suka shimfiɗa lissafin abin, sannan a 1977 Shindo na Jami'ar Tohoku a Japan ya ɗora shi kan tsaga, ya nuna cewa fili mai ƙarfi yana iya ƙara taruwar ƙarfin ja a bakinta. Gwaje-gwajen da suka biyo baya kan wasu ƙarafa masu jimiri sun nuna canjin bai kai yadda lissafi ya hasko ba, kuma wannan irin saɓani tsakanin allo da maƙera shi ne abincin Gordon. Da ya rubuta shi, da an sha labari.

Amma ga abin da ya sa nake yaba littafin ko a inda ya yi shiru: tunanin da ya koya maka yana kai ka wurin da ƙafarka. Ka samu zoben maganaɗisun nan baƙi na bayan lasifika, irin wanda 'yan gwangwan ke ɗaure wa igiya suna ja a ƙasa. Ba ƙarfe ba ne, dangin tangaran ne da aka gasa, shi ya sa in ya faɗi a siminti yake darewa. Ɗauki ɓallayen biyu ka yi ƙoƙarin mayar da su yadda suke. Ba za su yarda ba. Za ka ji suna ture juna a yatsunka, ɗayan yana neman kifewa, domin maganaɗisun zoben daga fuska zuwa fuska yake tafiya, tsagar kuma ta bi tsawonsa, sai arewa ta zauna gefen arewa. Sandar maganaɗisu kuwa in ta karye a gicciye, bakunan biyu jan juna suke yi. Ke nan fili ɗaya yana iya taya tsaga buɗewa ko ya riƙe mata baki, ya danganta da inda ta fuskanta. A harshen Griffith, an ƙara wani kaso ne a lissafin makamashi, wani lokaci a ɓangaren samu, wani lokaci a ɓangaren biya.

Akwai kuma miƙewar da ƙarfe ke yi in maganaɗisu ya shige shi, wadda Joule ya auna a 1842. Villari ya gano kishiyarta a 1865, wato matsa ƙarfe yana sauya maganaɗisunsa. Miƙewar 'yar mitsitsiya ce, 'yan kaso cikin miliyan, amma ita ce gurnanin da taransifoma ke yi in an kawo wuta, cikinta yana miƙewa yana komawa sau 100 a kowace daƙiƙa. A gaurayen da ake kira Terfenol-D miƙewar ta haura kaso 1,000 cikin miliyan, ga shi kuma da saurin fashewa. Maganaɗisun neodiyum da ya ɓullo a shekarun 1980, wanda yanzu ke cikin babura masu aiki da batir, shi ma haka yake: in biyu suka fizgi juna suka gwabza, gefensu kan ɓantare. Littafin ya riga Terfenol-D da maganaɗisun neodiyum zuwa duniya, kuma a nan shekarunsa suka nuna.

Da zan roƙi babi ɗaya a ƙara, da na roƙi na binciken tsaga da garin ƙarfe. A farkon shekarun 1920 William Hoke a Amurka ya lura cewa garin ƙarfen da ke zuba wajen wasa kaya a kan teburin maganaɗisu yana yin layi a kan tsagogin da ba a gani. De Forest da Doane suka mayar da abin sana'a, suka kafa kamfanin Magnaflux a 1934. Dalilin layin da garin ke yi a sarari yake: maganaɗisu ya fi son bin cikin ƙarfe, in ya iske tsaga sai ya ɓullo waje ya tsallake ta, ya kama garin a daidai wurin. Dabarar ba ta aiki a kan alminiyum ko tagulla. Tsagar da ta kwanta bisa tsawon filin kuma ba ta cika bayyana ba, don haka sai an gwada sau biyu, na biyun a gicciye. In an gama kuma dole a zare maganaɗisun daga jikin kayan, in ba haka ba sandar injin za ta koma cikin mai tana tara wa kanta garin ƙarfen da zai cinye ta.