Dariya a kan yunwa: nazarin fim ɗin «Pane, amore e fantasia» da waɗanda suka yi shi

A shekarar 1953 kamfanin Titanus na Italiya ya fitar da wannan fim, wanda aka sani a faransanci da «Pain, amour et fantaisie». Luigi Comencini ne ya jagoranci aikin. Labarin gajere ne: wani shugaban jandarmomi mai furfura (Vittorio De Sica) ya sauka a ƙauyen Sagliena, idonsa ya faɗa kan wata budurwa matalauciya (Gina Lollobrigida), ita kuwa wani ƙaramin jandarma mai kunya take so. Daga ƙarshe dattijon ya karkata ga ungozomar ƙauyen.

Wasu masu nazari sun ce fim ɗin ya ci amanar «néoréalisme», wato salon nuna rayuwar talaka ba kwaskwarima. A ganinmu, kafin a yanke hukunci ya kamata a dubi ma'aikatan. Mario Serandrei da ya harhaɗa hotunan shi ya harhaɗa «Ossessione» na Visconti (1943). Alessandro Cicognini da ya tsara kiɗan shi ya yi na «Ladri di biciclette» (1948) da «Umberto D.» (1952), waɗanda De Sica ya jagoranta. Ettore Margadonna, mai labarin, ɗan Palena ne a tsaunukan Abruzzo. Ke nan ƴan gida ne suka sauya hanya, bayan «Umberto D.» ya kasa kasuwa kuma ɗan siyasa Giulio Andreotti ya soke shi da cewa yana ɓata sunan ƙasa.

Ba su ɓoye talauci ba. An ɗauki fim ɗin a ƙauye na gaske, Castel San Pietro Romano. Budurwar ba takalmi, rigarta tsumma. Sunan ma daga wani talaka ya fito, mai cin gayan burodi, da aka tambaye shi abin da ke ciki ya ce tunaninsa ne mahaɗi.

Sai dai a nan aibin yake. Mai kallo yana dariya ya wuce, ba ya tambayar dalilin yunwar. Mafitar mata biyun ɗaya ce: miji mai kaki da albashin gwamnati. Fim ɗin ya samu kyautar azurfa a Berlin a 1954, kuma ya cancanta ta fannin wasa. Amma gwanintar da aka koya wajen tona asirin talauci, ita aka yi amfani da ita wajen lallashin mai kallo.