Littafi Mai Tsarki a Gonakin Rake

A shekarar 1807, wadda a cikinta majalisar dokokin Birtaniya ta haramta fataucin bayi, an buga wani ɗan littafi a Landan domin bayin da ke noman rake a tsibiran Karebiyan. Zaɓaɓɓun sassa ne na Littafi Mai Tsarki. Cikakken littafin da ke hannun 'yan Furotesta yana da sura 1,189, wannan kuwa 232 kaɗai aka bar masa. An bar labarin Yusufu, bawan da ya yi haƙuri a gidan ubangijinsa har Allah ya ɗaukaka shi. An bar Dokoki Goma, da ayar Afisawa mai umartar bayi su yi biyayya. Amma labarin yadda Musa ya fuskanci Fir'auna ya fitar da Isra'ilawa daga bautar Masar, an tsame shi. Haka ma ayar Galatiyawa da ta daidaita ɗa da bawa a cikin Almasihu.

Ƙungiyar da ta sa aka buga shi ta masu wa'azi ce, kuma jagoranta, Bishop Beilby Porteus na Landan, ya yi shekaru yana yaƙar cinikin bayi. Manufarsu su samu izinin shiga gonaki su koyar, masu gonaki kuwa ba sa yarda da karatun da zai tada hankalin ma'aikatansu. Sai aka yi sulhu a kan bakin bawa. A ganina wannan littafi ne hujja mafi ƙarfi a duk muhawarar bauta da nassi, domin wanda ya zauna ya yi tankaɗe da rairaya haka ya riga ya san abin da ke cikin shafukan da ya cire.

Tun da can Kiristoci suna da al'adar komawa ga nassi duk lokacin da duniya ta juya. Augustine ya yi haka bayan an wawashe birnin Rum a 410, Martin Luther ya yi haka da wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa. Sai dai rikicin bauta ya bambanta, don ɓangarorin biyu littafi ɗaya suke riƙe da shi, wani lokaci ma a majami'a ɗaya suke sujada.

Masu kare bauta aya-aya suke bi, kuma gaskiya ba su rasa ayoyi ba. Ibrahim yana da bayi. Sura ta 25 ta Littafin Firistoci ta yarda a sayi bayi daga wasu al'ummai. Bulus ya mayar da Unisimas, bawan da ya gudu, ga maigidansa Filimon. Inda ƙaryarsu ta fito fili shi ne labarin Nuhu a sura ta 9 ta Farawa, wanda suka ce la'ana ce a kan baƙar fata. Kan'ana nassin ya ambata, kuma babu maganar launin fata ko kaɗan a wurin. Duk da haka an yi ɗaruruwan shekaru ana wa'azi da shi.

Bayi su kuma labari suka kama. Yawancinsu ba su iya karatu ba, da kunne suka karɓa, a taron dare da waƙoƙin gona. Wanda aka sayar da ɗansa ba ya bukatar malami ya faɗa masa wane ne Fir'auna. Shi ya sa suka yi wa Harriet Tubman, wadda ta riƙa komawa Kudancin Amurka tana fito da bayi a ɓoye, laƙabi da Musa. Malaman da suka mara musu baya sun kawo ayar Fitowa da ta yanke hukuncin kisa ga mai satar mutum, amma sun san babu ayar da ta soke bauta kai tsaye. Dole suka ce a auna kowace aya da manufar littafin baki ɗaya, wato cewa an halicci ɗan Adam cikin kamanin Allah, kuma an umarce shi ya ƙaunaci maƙwabcinsa. Wannan salon karatu ya rayu bayan bautar ta mutu, har yau da shi ake jayayya a ikilisiyoyi a kan wasu batutuwa.

A Jamaika ne abin ya fashe. Samuel Sharpe bawa ne, dikin a cocin Baftis, ya iya karatu. Bayan an idar da addu'a yakan tsayar da amintattu, su sumbaci Littafi Mai Tsarki su yi rantsuwa cewa bayan Kirsimetin 1831 ba mai komawa gona sai da albashi. Yajin aiki ya shirya, amma a daren 27 ga Disamba aka cinna wa gonar Kensington wuta, bore ya bazu, dubban bayi suka shiga. Hukuma ta murƙushe su, ta zartar da hukuncin kisa a kan fiye da 300. An rataye Sharpe a Montego Bay a watan Mayun 1832. Masu gonaki suka rushe majami'un Baftis da na Metodis, abin da ya fusata masu ibada a Ingila, musamman da ɗan mishan William Knibb ya zagaya garuruwa yana ba da labari. A 1833 majalisar Birtaniya ta soke bautar. Diyyar fam miliyan 20 kuwa iyayen gida aka biya, bawa bai samu ko anini ba.

Ban yarda da masu cewa nassi shi kaɗai ya 'yanta bayi ba. Juyin juya halin Haiti ya tsorata Turawa, ribar sukari ta fara ja da baya, gyaran dokar zaɓe na 1832 ya rage ƙarfin masu gonaki a majalisa. A Amurka ma karatun bai raba gardama ba: Metodis suka rabu a 1844, Baftis a 1845, daga ƙarshe yaƙin basasa ya yanke hukunci, kuma sai a 1995 Baftis na Kudu suka nemi gafara a hukumance. Amma mai cewa addini mayafi ne kawai, sai ya bayyana mana dalilin da ya sa, bayan boren bayi na Nat Turner na 1831 a Bajiniya, jihohin Kudu suka tsananta dokokin hana bawa karatu da hana shi wa'azi.

Igiyar wannan tarihi ta iso har ƙasarmu. Tawagar da masu yaƙi da bauta suka turo Kogin Kwara a 1841 tana ɗauke da Samuel Ajayi Crowther, wanda aka kuɓutar daga jirgin bayi yana yaro, da James Frederick Schön, wanda ya duƙufa a kan Hausa. Daga baya Schön ya samu taimakon Dorugu, yaro Bahaushe daga yankin Damagaram, shi ma 'yantaccen bawa, da ya bi Heinrich Barth zuwa Ingila. Daga bakinsa Schön ya gyara Hausarsa, ya ci gaba da fassara sassan Littafi Mai Tsarki. Cikakkiyar fassarar Hausa ta fito a 1932, shekara huɗu kafin gwamnatin mulkin mallaka ta soke bauta gaba ɗaya a Arewacin Nijeriya a 1936.