Hank Williams da Kiɗan Mashaya a Kudancin Ƙasar Amurka

A mashaya salon da ake kira honky-tonk ya yi wayo. Bayan Amurka ta soke dokar hana sayar da giya a 1933, gidajen barasa suka bazu a bakin hanyoyin Texas da Oklahoma, inda leburorin rijiyoyin mai da 'yan ƙauyen da suka baro gona ke haɗuwa su kashe ladan mako. Ga ihu, ga rawa, ga dambe. Jitar katako ba ta ratsa wannan hayaniya, shi ya sa mawaƙa irin su Ernest Tubb suka rungumi jita mai lantarki tun farkon shekarun 1940. Jigo ma ya sauya. Tsofaffin waƙoƙin karkara uwa da gida da coci suke yabo, a nan kuwa sai kishi, cin amanar aure, saki da kwalba.

Hank Williams, haifaffen Alabama a 1923, ya tarar da salon a tsaye, amma shi ya ba shi baki. Yana yaro ya koyi jita wurin Rufus Payne, wani baƙar fata mai kiɗa a titi, kuma ana jin wannan tarbiyya a yadda yake jan murya har ta karye a tsakiyar kalma. A 1946 ya haɗu da Fred Rose, mai kamfanin buga waƙoƙi a Nashville, wanda ya zama mai tace masa baitoci. "Lovesick Blues", wadda ma ba shi ya rubuta ba, ita ta kai shi dandalin Grand Ole Opry a 1949.

A ganina gwanintarsa tana cikin taƙaitawa. Faifan wancan zamani minti uku kacal yake ɗauka, mai sauraro kuma ya sha ya gaji, ba ya neman azanci mai nisa. Sai Hank ya riƙa ɗaukar maganar da magidanci zai faɗa wa matarsa a tsakar gida, ya ɗora ta kan kiɗa ba ado.

Wanda ke juya kasuwar kuwa shi ne mai akwatin faifai, na'urar nan da ake jefa wa tsaba a mashaya ta saki waƙa. Masu waɗannan akwatuna suna sayen faifai da yawa, kuma na rawa suke so. Da Hank ya nace sai ya yi waƙoƙin wa'azi, a 1950 aka laƙaba masa wani suna, Luke the Drifter, don kada su sayi faifan da sunan Hank su tarar da huɗuba. Mutum ɗaya, suna biyu: ɗaya na daren Asabar, ɗaya na safiyar Lahadi.

An fi son ba da labarin shan giyarsa, ana mantawa da ciwon ƙashin baya da aka haife shi da shi, wanda ya jefa shi cikin magungunan kashe zafi. Opry ta sallame shi a Agustan 1952 saboda maye da saɓa alkawarin wasa. Ran 1 ga Janairun 1953 ya rasu a bayan mota, ana kan hanyar kai shi wasa a Ohio, yana da shekara 29. "Your Cheatin' Heart" ta fito bayan rasuwarsa, ta kuma hau kan gaba a jerin waƙoƙin karkara.