Alhaji Umaru na Karachi: Malami Mai Baki Biyu?

Duk lokacin da aka zo tarihin rubutun zube na Hausa, sai a fara da gasar Zariya ta 1933, a kira Abubakar Imam da Bello Kagara, a shafa fatiha. Ni ma haka aka koya mini. Sai daga baya na san cewa tun kafin wannan gasa akwai wani Bakano a bakin kogin Volta da ya cika takardu da zube cikin ajami.

An haifi Alhaji Umaru a Kano wajen 1858. Fataucin goro da neman ilimi suka kai shi Salaga, a ƙasar Gonja. Bayan yaƙin basasar da ya watse garin a 1892, ya koma Kete-Karachi, ya yi limanci can har rasuwarsa a 1934.

Laifin da ake ɗora masa sananne ne. Shi ne ya yi Waƙar Nasara yana kukan yadda Turawa suka murƙushe sarakuna, shi ne kuma ya zauna da Mischlich, jami'in mulkin Jamus, yana rubuta masa tarihin ƙasar Hausa da sana'o'inta da al'adunta. Wasu suka ce baki biyu ke nan.

Ban yarda a wanke shi tas ba. Wanda ya yi tambaya shi ke zaɓen abin da za a amsa, kuma Bature ba don Allah yake son sanin mu ba. Amma mu auna da kyau. Malamin da ya ga Salaga ta zama kufai ya san cewa gari kan mutu, takarda ta rayu. Bai janye waƙarsa ba, bai kuma karya alƙalaminsa ba. Wanda ya saurari Waƙar Talauci da Wadata, yadda take tona wulaƙancin da ake yi wa marar shi, ba zai ce wannan bakin ɗan fada ne ba.

Abin kunyar namu ne. Jamusawa sun adana rubutunsa, an fassara shi zuwa Ingilishi, mu kuwa mun bar shi a bayan iyakar da Turawan nan suka shata, don kawai kabarinsa yana Gana. Idan za mu tuhume shi, to mu fara karanta shi tukuna.