Sunkuyawa Kafin Ɗauka: Hotunan Masu Komawa Tushe

Masu sharhi a kan hoto sun daɗe suna yi wa hotunan komawa tushe kallon hadarin kaji. A wurinsu, mutum ne kawai ya taso daga Landan ko New York da kyamara mai tsada a wuya, ya zo ƙasar kakanninsa ya yi mako biyu, ya ɗauki tsofaffi da rusassun ganuwa, ya koma ya buga littafi. Yawon buɗe ido ne da hawaye, in ji su. Ban yarda ba. Akwai irin waɗannan littattafai, da yawa ma, amma wanda ya auna fannin da su bai kalli aikin gwanayensa ba.

Tarihin ba shi da tsawo. Littafin Alex Haley, Roots, ya fito a 1976, ya sa baƙaƙen Amurka tururuwa zuwa Juffure a Gambiya. A farkon 1977 Marilyn Nance ta zo Legas tare da tawagar Amurka a bikin FESTAC, hotunanta kuma sai a 2022 suka fito cikin littafin Last Day in Lagos. A 1993 Carrie Mae Weems ta ɗauki kurkukun bayi na Elmina da tsibirin Gore, ƙofofi da bangaye zalla, babu mutum ko ɗaya. Abin ma bai tsaya ga baƙar fata ba: Vivian Maier, haifaffiyar New York, kusan a kwarin Champsaur na Faransa, mahaifar uwarta, ta fara ɗaukar hoto da ƙaramar Kodak Brownie.

Matsalar mai komawa tushe guda ce. Shi ɗan gida ne a jini, baƙo ne a ido. Idan ya ɗaga kyamara ya rufe fuskarsa da ita, ya auna mutane da dogon gilashin nan mai jawo nesa kusa, to ya zaɓi zama baƙo, kuma hoton zai tona masa asiri: fuskoki a ɗaure, ko murmushin da ake yi wa wanda ake sa ran zai ba da kuɗi.

A nan ne nake jinjina wa Akinbode Akinbiyi. An haife shi a Oxford a 1946, iyayensa 'yan Nijeriya, ya yi karatu a Jami'ar Ibadan, ya daɗe zaune a Balin, amma kullum yana kan hanyar Legas. A 1987 mujallar Stern ta Jamus ta ba shi tallafin yin aiki a Dakar da Kano da Legas. Abokiyar tafiyarsa Rolleiflex ce, kyamarar da kamfanin Franke da Heidecke ya fara fitarwa a Braunschweig a 1929.

Sai an san yadda take aiki za a gane hotunan. Idanu biyu gare ta, ɗaya bisa ɗaya. Na ƙasa shi ke ɗaukar hoto, na sama kuwa yana jefa siffar abin a kan madubi, madubin ya turo ta sama zuwa wani gilashi da ke kan akwatin. Don haka mai hoto ba ya kai ta ido. A ƙirji ko ciki yake riƙe ta, ya sunkuyar da kai yana duba ƙasa, kamar saurayin da ya je gaida surukai. Wanda ake ɗauka yana ganin fuskar mai ɗaukarsa ɗungurungum, kuma ba a zuba masa ido ba, saboda haka jikinsa ba ya ɗaurewa. Ƙarar ƙyastawarta ma ba ta kai ta kulle kwaɗo ba. Tun da kyamarar tana ƙasa da fuska, babba yakan fito da kwarjini, an ɗan hango shi daga ƙasa, yaro kuma ya fito ido da ido da mai kallo maimakon a leƙo shi daga sama.

Akwai kuma wata wahala da nake ganin alheri ce. A cikin gilashin, dama tana komawa hagu, hagu ta koma dama. Mai keke ya ɓullo ta nan, kai kana ganinsa ta can. Ba a yin gaggawa da irin wannan na'ura. Ga shi kowane nadin fim hoto 12 kacal yake ɗauka, kowanne murabba'i, santimita 6 kowane gefe. Dole mutum ya tsaya wuri guda, a gan shi, a gaisa, a tambaye shi ɗan gidan wane ne, a gaji da shi har a manta yana nan. Hotunan Akinbiyi na bakin tekun Bar Beach, jerin da ya kira Sea Never Dry, haka suke: masu fararen riguna suna addu'a a kan yashi, masu talla suna wucewa, kusan babu mai kula da shi. Yanzu ginin Eko Atlantic ya cinye wurin.

Za a ce na mayar da ƙarfe da gilashi malamin tarbiyya, kuma mara kunya ko Rolleiflex aka ba shi mara kunya ne. Haka ne. Za a kuma ce fim ya yi tsada, masu wanke shi sun yi ƙaranci, kyamarorin zamani kuma suna da allon da ake karkatarwa a duba daga ƙirji. Allon na nan, sai dai da wuya ka ga mai amfani da shi haka. Wanda katinsa ke ɗaukar hoto dubbai ba abin da zai tsayar da shi a ƙofar gidan kakansa har a kawo masa ruwa. Kafin a shimfiɗa tabarma ya ɗauki hoto 200 ya nufi mota.